Gawasa da Kogin da Ya Shige Ƙasa

Ranar Lahadi kasuwar Baleyara take ci, kuma motar da ta taso daga Yamai za ta Filinge ba ta wuce nan sai ta tsaya, ko don fasinja su jiƙa maƙoshi. A irin wannan tsayawa na sayi gawasa wurin wata dattijuwa da ta kasa ta kashi-kashi a kan buhu. Wanda bai san gawasa ba sai ya ɗauka dankalin turawa ne ya sha rana: ruwan ƙasa-ƙasa, jiki duk ƙuraje, ba ta da wani kyan gani. Sai ka gatsa ka ji gari-gari da zaƙi, ga ƙamshin nan nata da ke kama jaka kwana biyu. In ka gama gwaguye naman, ƙwallo ne zai rage maka a hannu, mai taurin da haƙori ba ya gwada shi. Yara kan ɗora shi a kan dutse su sa wani dutsen su rotsa. A ciki akwai ɗaki biyu na ƙwaya mai maiƙo, a naɗe cikin wani gashi mai laushi kamar auduga, irin wanda mutanen da suke kama wuta da shi a ƙyastu kafin ashana ta zo.

Na ce mata, "Inna, a garinku wa ke shuka wannan?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta wa ke shuka taurari. "Ɗana, ai gawasa ba a shuka ta. Tarar da ita muka yi."

Maganar ta zauna mini a rai duk tsawon hanya, domin tambaya biyu ke cikinta. Idan ba wanda ya shuka ta, me ya kawo ta ƙasar da ba ta dace da ita ba? Idan kuma kowa tarar da ita ya yi, ina ƙananan da za su gaji waɗanda ke tsaye?

Cewa ba ta dace da nan ba, ganyenta ma ya isa shaida. Dubi itatuwan ƙasar Kurfai, wajen Filinge: aduwa, magarya, kandili, bagaruwa. Ganye ƙanana, ƙaya da yawa. Kowane ganye ƙofa ce da ruwa ke fita daga jikin itace, don haka itacen da ke zaune inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba yakan ƙanƙanta ƙofofinsa. Ita kuwa gawasa ganyenta ya kai faɗin tafin hannu har ya fi, mai kauri, bayansa da gashi, ga inuwa sai ka ce rumfar sarki. Magidancin da ke ɗora tukunya uku a shekarar yunwa, to yana da rumbun da ba a gani.

Masana tsirrai sun daɗe da saninta. Wani Bature ɗan Ingila, Joseph Sabine, ya sa mata suna Parinari macrophylla a 1824, ya haɗa ta gida ɗaya da rura. A 1976 aka ga ta bambanta da dangin nata har ta cancanci gida nata na kanta, aka kira shi Neocarya, kuma har yau ita kaɗai ce a cikinsa. Zabarmawa na ce mata gamsa. Faransawa kuwa tuffar Kayor suke kiranta, da sunan tsohuwar masarautar nan ta Sanagal, kuma sunan ya nuna inda ta fi ƙarfi: rairayin gaɓar teku, daga Sanagal da Gambiya da Gini Bisau har Saliyo da Laberiya, inda iska ke ɗauke da laima. A Nijar ba ta bazu ko'ina ba. Ana samunta jingim a Dallol Boso wajen Birnin Gaure, da Dallol Mawri wajen Junju, da ƙoramun kudancin Damagaram. A tsakanin waɗannan wurare sai ka yi tafiyar kwanaki ba ka ga ko ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Wanda ke son amsar tambaya ta farko ya hau dutsen da ke gefen Filinge da sassafe, kafin ƙura ta tashi, ya duba ƙasa. Zai ga garin yana zaune ne a cikin wani kwari mai faɗin kilomitoci, shimfiɗe da rairayi, gefe da gefe kuma ganuwar jan dutse ta miƙe kamar da wuƙa aka yanke ta. Kogi ne kaɗai ke yin irin wannan aiki. Dallol Boso ke nan. Dallol kalmar Fulatanci ce ta kwari, Zabarmawa kuma Boboye suke cewa. Wannan kwari shi ne ƙarshen Azawak, tsohon kogin da ke kwaso ruwa daga duwatsun Abzin da Ahaggar da Adrar, ya gangaro kudu ta Filinge da Baleyara da Birnin Gaure, ya zuba a Kwara wajen Bumba. Tsakanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce damina tana kaiwa can cikin Sahara. Tafkin Cadi a lokacin ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000. A Gobero, cikin Tenere, inda Paul Sereno da tawagarsa suka ci karo da tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000, ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa ne a kwance kusa da na mutane.

Itatuwa ma sun bar sawu. Garin fure ba ya ruɓewa idan ya nutse a taɓon tafki, yakan yi dubban shekaru a ajiye, kuma kowane itace da siffar nasa. Ulrich Salzmann da Martyn Waller sun haƙo irin wannan taɓo a kwaruruwan Manga, arewacin Yobe, suka wallafa a 1998 cewa itatuwan kurmin fadama irin na kudu sun taɓa zama a tsakanin tuddan rairayin nan. Aikin Anne-Marie Lézine da abokanta ya nuna cewa itatuwan kudu sun hau arewa da nisan kilomita 400 zuwa 500 a wancan zamani, kuma bakin koguna da tafkuna suka bi. Da damina ta ja baya sai daji ya bi ta, amma bai tafi duka ba. Arewa da Dakar, a kwaruruwan da ake kira Niyay, har yau akwai kwakwar manja a tsaye inda ruwan sama bai isa ya riƙe ta ba, saboda ruwan ƙasa yana kusa. Can ne kuma maƙwabtan Kayor, gidan gawasa.

Ana iya cewa fatake ne suka yo guzurinta suka yar da ƙwallo a zango. Ni dai ban gamsu da wannan ba. Hanyoyin fatauci sun ratsa tudu da kwari, ayari ya yada zango a wurare dubu, amma gawasa kwari kawai ta bi, kuma kwarin ma sai mai rairayi da ruwa kusa. Na fi karkata ga cewa ragowa ce: 'yar wancan zamani na ruwa, wadda danginta suka mutu a kan tudu, ita ta tsira a inda kogin bai mutu duka ba.

Domin kogin bai mutu ba, shigewa ƙasa ya yi. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba. Masu haƙar rijiya sun fi kowa sanin bambancin. A kan tudun Zabarmaganda ko na Fakara sai a fasa marmara, a bi jan dutse mita 50 ko fiye kafin a ga laima, har sai an sa jaki ko raƙumi jan guga. A tsakiyar kwari wajen Boboye kuwa gaba ɗaya ko biyu ya isa, wani wurin ma da ƙwarya ake ɗiba. Rairayin da kogi da iska suka cika kwarin da shi ba ya barin ruwan sama ya gudu: yana sauka yana shanyewa. Idan saman ya bushe kuma sai ya zama murfi, ya hana rana tsotse na ƙasa. Ta fuskar abinci rairayin nan matalauci ne, ba taki, ba laka, sinadarin fosfo ɗan kaɗan, shi ya sa hatsi ke fitowa a tsaitsaye. Gawasa ba ta damu ba. Abin da take nema shi ne ƙasa mai laushi da saiwa za ta huda ba tare da ta ci karo da dutse ba, da ruwa mai daɗi a ƙarƙashi. Rumbun nata ke nan.

A kan tudu lissafin daban ne. Ƙasar da ke bisa marmara ba ta da zurfi, kuma itatuwan wurin, geza da sabara da 'yan uwansu, sun raba ruwan sama a tsakaninsu ta wata hanya mai ban mamaki: layin fako tsirara, layin kurmi, layin fako, layin kurmi. Fakon ba ya shan ruwa, sai ya tura shi ga layin itatuwan da ke ƙasa da shi. Da Faransawa suka gan shi a hotunan jirgin sama, ɗayansu, Clos-Arceduc, ya kira shi daji mai zanen damisa a 1956. A can kowane ɗigo da mai shi, babu wurin baƙo mai faffaɗan ganye. Raƙuman dawan Kure, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996 kafin su sake haura 600, sun san wannan rabo sarai: da damina suna kan tudu, rani na yi sai su gangara kwari su bi gawo.

Nisan ruwa ne kuma ya sa mai tafiya arewa yake ganin gawasa tana sirancewa. Birnin Gaure na samun ruwan shekara kusan milimita 550, Filinge ba ta kai haka ba, kuma igiyar guga tana ƙara tsawo yayin da kake haurawa kwarin. Sai goruba da gawo da aduwa su karɓi fili, masu saiwar da ta fi haƙuri. Ɗan Kurfai ya fi sanin gawasa a faifan 'yan talla fiye da a gonarsa.

Kada a ɗauka yawan ruwan shi ne alheri ko yaushe. Masu binciken cibiyar IRD ta Faransa, Christian Leduc da Guillaume Favreau da abokan aikinsu na Nijar, sun bi rijiyoyin yankin da ke tsakanin kogin Kwara da Dallol Boso, suka tarar ruwan ƙasa ya hau da kimanin mita 4 daga 1963 zuwa 2007, duk da farin 1973 da na 1984. Abin kamar almara, amma dalilinsa a fili yake. Hotunan sama sun nuna an share kusan kashi 80 cikin 100 na dajin wani yanki gabas da Yamai tsakanin 1950 da 1992. Ƙasar da aka tuɓe ta yi ɓawo, ruwa ya daina shiga inda ya sauka, ya riƙa gudu ta kwazazzabai zuwa tafkuna, daga can ya tsiyaya ƙasa. A cikin kwari, inda dama ruwan ke kusa, ƙari kaɗan ya isa ya fito da shi fili. Ruwan da ya matso saman ƙasa rana ce ke shan sa, ta bar gishirinsa a baya. Dafa kanwa tsohuwar sana'a ce a Boboye, kuma duk wanda ya ga inda ake kankare ta ya san itace ba ya son wurin. Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. Ashe mazaunin gawasa ɗan siriri ne: kada ruwa ya yi nisa, kada kuma ya taso ya shaƙe ta.

Tambaya ta biyu ta fi ciwo. Iro Dan Guimbo, da Ali Mahamane, da Karimou Ambouta, na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sun ƙidaya tare da auna itatuwan gonakin gawasa da na kaɗanya a kudu maso yammacin Nijar, suka wallafa a 2010. Abin da idon manomi ke gani shi awo ya tabbatar: manya sun fi yawa, masu tasowa ƙalilan. Gari ne na tsofaffi. Iyaye suna ta haihuwa kowace shekara, buhu-buhu ake kaiwa kasuwa, amma goyo ba ya rayuwa.

Bari mu bi ƙwallo ɗaya mu ga inda yake ɓacewa. Da farko sai ya tsere wa kwandon mata da yara, waɗanda ke sammakon tsinta tun kafin rana ta fito, domin naman kuɗi ne, ƙwayar ma kuɗi ce. A da akwai masu ɗaukar irin wannan ƙwallo su kai shi nesa su ajiye shi cikin taki. Giwa na son 'ya'yan rura da danginta, kuma giwaye suna nan har yau a gandun dajin W, tsallaken kogi daga Bumba, sai dai kwarin ya zama gonaki. Ƙwallon da ya tsira kuma ba ya gaggawa. Ɓawon nan da ya gagari haƙori yana hana ruwa shiga, tsiro ya yi ta jinkiri, alhali daminar nan wata uku ce zuwa huɗu. Wanda ya tsiro a ƙarshen Agusta ya riga ya makara.

Daga nan sai tsere. Ruwan da uwar ke sha yana ƙasa da ɗan tsiron da mita biyu, uku, ko biyar. A rairayi laima ba ta hawa sama sosai, da ƙyar take kai mita ɗaya bisa ruwan, ba kamar a laka ba. Tsakanin saman da damina ta jiƙa da laimar ƙasan akwai tazarar da ke bushewa da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa. Dole saiwar ta ratsa wannan tazara kafin ta bushe. Idan ta kai, itacen ya samu shekaru masu yawa. Idan ta gaza da taƙi ɗaya, watan Afrilu zai gama da shi, lokacin da zafin saman rairayi ke wuce digiri 50.

Kuma ba shi kaɗai ke shan ruwan saman ba. Nan ne gidan hatsi, wanda saiwarsa ke cika kamu na farko na ƙasa kamar gashin kai, wasu jijiyoyin su zarce mita ɗaya. Nan ne gidan ƙarangiya da komayya, waɗanda ke tsirowa kwana uku bayan ruwan fari su gama rayuwarsu kafin ɗan gawasa ya yi ganye shida. Su ciyayin nan ba su da gobe, don haka ba sa tattali: duk abin da suka samu sha suke yi. Babbar gawasa ba ta san da su ba, bakinta yana ƙasa da nasu nesa. Ƙaramar kuwa a akushi ɗaya take ci da su, hannunta ne kuma mafi ƙanƙanta. Ƙasa ɗaya, itace ɗaya, amma abin da ya raya uwa bai kai ga ɗiya ba.

A da akwai saura. Gona takan huta shekaru, daji ya mayar, ɗan itace ya samu lokacin kafuwa. Yanzu kwarin ya cika da jama'a, gona ba ta hutawa, kuma hauyar nan mai doguwar ƙota da ake noma da ita a tsaye tana bi ƙarƙashin ƙasa tana yanke duk abin da ba hatsi ba, sau biyu a damina. Mai noma ba mugunta yake yi ba. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, ya ba shi taki, don haka ana lallaɓa shi. Gawasa tana riƙe da inuwarta a daidai lokacin da hatsi ke neman haske. Bayan girbi kuma a saki awaki da tumaki, kuma a watan Maris koren ganye a tsakiyar fili ba ya kwana.

Doka ma ta sa hannu, ta inda ba a zata ba. Dokar daji ta 1974 ta jera itatuwa 15 da aka hana sarewa sai da izini, gawasa na ciki tare da gawo da giginya da goruba da kuka. Niyya mai kyau ce. Amma manomin da ya san itacen da ya girma a gonarsa zai zama na gwamnati, har a ci shi tara in ya sare reshe, ya ga sauƙinsa shi ne kada ya bari ya girma. An kare tsofaffi, an sa wa jarirai wuƙa. Sai da aka sassauta wannan riƙo, sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona, ya bazu daga Maradi tun wajen 1984, sannan gonaki kimanin hekta miliyan 5 suka sake yin itatuwa. Sai dai sassaben zamani ya fi karɓar masu tohowa daga kututture da tsohuwar saiwa, irin su sabara da kalgo da gawo, waɗanda bakinsu ya riga ya kai ƙasa. Mai farawa daga ƙwallo aikinsa ya fi yawa.

Can arewa akwai wata ragowar da ta riga gawasa shiga wannan hali. A kan duwatsun Bagzan da Tamgak na Abzin akwai zaitun na daji, wanda Buzaye ke kira aleo, Turawa kuma suka laƙaba masa sunan Janar Laperrine. Shi ma ɗan zamanin ruwa ne, ya maƙale a tsagogin duwatsu inda ruwa ke taruwa. Fabien Anthelme da Guillaume Besnard da abokin aikinsu na Nijar sun bi shi itace-itace, suka wallafa a 2008 cewa kusan ba ya sabunta kansa ta iri. Tohowa yake yi daga gindi, tsoho yana maimaita kansa, dabbobi suna datse abin da ya fito. A wannan yanki ne kuma Anthelme ya ga wani abu da ya sa ni sake tunani a kan maƙwabtaka. 'Ya'yan kandili da suka tsiro a cikin dunƙulen ciyawar afazo sun fi rayuwa a kan waɗanda suka tsiro a fili. A lissafi ciyawar kishiya ce, tana shan ruwan da ɗan itacen ke so. Amma tana tare masa rana da iska, tana ɓoye shi daga bakin akuya, kuma inda kiwo ya yi yawa wannan kariya ta fi abin da take ci. Maƙwabcin da ke cin rabonka, wani lokaci shi ne katangarka.

A hanyar dawowa na sauka wani ƙauye kudu da Baleyara, na yi wa wani dattijo Bazabarme mai jin Hausa wannan dogon bayani a gindin gawasar gonarsa. Ya saurara har na gama, bai ce komai ba. Sai ya tashi ya ce, "Zo, Malam." Muka taka zuwa iyakar gonar, inda kaba ta yi dunƙule, irin wadda mai noma ke kewayewa don kada ƙayarta ta yage masa ƙafa. Ya sa sandarsa ya buɗa ganyen. A tsakiya, cikin inuwa, ga wani ɗan tsiro da bai kai gwiwa ba, ganye biyar ko shida, faffaɗa, sabon tohon lulluɓe da jan gashi. Rairayin gindinsa na da sanyi da na taɓa, alhali na waje yana ƙona tafin hannu.

Na ce, "Baba, kai ka sa ta?"

"Yara ne suka ci suka jefa," in ji shi. "Rani biyu ke nan. Ko sau ɗaya ban ba ta ruwa ba."

Garken awaki na tahowa ta kan hanya, wani yaro na biye da su. Dattijon ya zare sandarsa, kabar ta koma ta rufe.